Ɓarawon Intanet a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kama ɓarawon intanet a gidan surukaina a Tudun Wada ba. Lokacin ma ba su gama zama surukai ba. An dai kai gaisuwa, ina jiran a sa rana.

Mahaifin Rabi, yarinyar da nake nema, shi ne Baba Malam, tsohon malamin makaranta mai sanyin magana. Bayan La'asar yakan biya wa jikokinsa da ke ƙasar waje karatu ta kiran bidiyo. Ranar da na je gaishe shi na tarar hoton sai daskarewa yake yi, jika ya buɗe baki a tsakiyar aya ya tsaya cak.

Ni kuwa ban daɗe da gama kwas ɗin haɗa na'urori a unguwar Kongo ba, kaina sai hayaƙi yake. (Sabon shiga ai ya fi kowa zaƙewa.) Na ce, "Baba, a ba ni kwamfuta in leƙa rawutar, na'urar da ke raba intanet a gidan."

Ina shiga na ga wata waya ta cinye hanyar kaf, tana ta tura kaya zuwa intanet. Na gyara zama. A gaban Baba da yayyen Rabi na ce, "Wani ne yake muku sata. Ko ma ɗan gidan waye, bai da tarbiyya."

Na yanka mata iyaka 'yar mitsitsiya, na kuma yi bayani da alfahari: duk abin da ta turo ya wuce iyakar, rawuta zubar da shi za ta yi.

Baba ya ce, "Zubarwa kuma? Ba a iya cewa ya jira?"

"Akwai tsarin da ake sa shi a layi, Baba, amma ɓarawo bai cancanta ba."

Nan take hoto ya washe, jika ya ƙarasa ayarsa, aka yi ta sa min albarka. Da na tsaya nan da na tashi da mutuncina. Ina! Sai na ciro wayata in nuna musu saurin da aka samu. Ta yi ta juyi, ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Babban yayan Rabi ya leƙo, ya kalli sunan wayar, ya kalli allon kwamfuta.

Tawa ce. Rabi ta ba ni lambar sirrin intanet ɗin gidan tun wani zuwa zance, ina shigowa wayar ta kama, ta shiga tura wa ma'ajiyar intanet hotunan da na tara (yawancinsu na Rabin ne). Wallahi na ɗauka aure ya tashi.

Baba bai yi dariya ba, ya kuma hana a yi da ido kawai. Ya ce, "Malam Sani, aikinka ya yi kyau. Mai gyaran da bai ɗaga wa kansa ƙafa ba, a riƙe shi. Amma ɓarawon nan na san iyayensa, yana da tarbiyya. Cire shi daga zubarwa, ka sa shi a layin jira. Dama jiran yake, mun kusa sa masa rana."

Har yau ban ga wanda ya iya rufa asiri kamar dattijon nan ba. Ni kuma duk rawutar da na shiga, kafin in zagi iyayen kowa, aljihuna nake fara taɓawa.