Rigar Sojan Amurka da Kakan da Na Ƙirƙiro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da rigar gwanjo ta sa dattijo kuka a gabana ba. Na san ba za ka yarda ba, don waɗanda suka san ni sun ce in na ce gari ya waye sai an leƙa taga. To wannan karon ka yarda, babu wanda zai ƙirƙiro wa kansa irin wannan abin kunyar.

Rigar dai a wani shagon tsofaffin kaya na saye ta, kusa da Oxford Road, lokacin ina karatu a Manchester. Jaket ce ta sojan Amurka irin ta zamanin yaƙin duniya na biyu, ruwan ganye, mai nauyi kamar an ɗinka ta da tamfol, da wani tambari a kafaɗa wanda ni kaina ban san ma'anarsa ba. Sanyi ya sa na saye ta. Amma ranar farko da wata a ajinmu ta tambaye ni inda na samo, sai bakina ya riga hankalina: "Ta kakana ce."

Shi ke nan, kaka ya samu. Kullum a bas daga unguwarmu ta Rusholme ina kallon bidiyon tarihin Amurka a waya, ina ƙara masa tsoka. Na sa shi a jirgin ruwa daga Legas. Na kai shi Detroit, na ba shi aiki a masana'antar motoci, daidai lokacin da aka daina ƙera motocin hawa aka koma ƙera na yaƙi. Na sa shi ƙungiyar ƙwadago, ya yi yajin aiki, ya yi jawabi a kan tebur. Daga nan na sa shi soja. (Sau ɗaya har na sa ya gaisa da shugaban ƙasa, na ga mutane sun fara kallon juna, sai na janye wannan.) Kakana na gaske kuwa manomin citta ne a kudancin Kaduna, tafiyarsa mafi nisa Kafanchan.

Wani ƙarshen mako na je Birmingham wajen ƙanwar mahaifiyata, Anti Saratu, nas ce, tana zaune a unguwar Handsworth. Cocinsu na Hausa aron ɗakin sujada suke yi a wani tsohon coci, kuma ranar ta faɗo Lahadin da ake tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, kowa da jan fure a ƙirji, sai aka haɗa sujadarmu da ta masu cocin gaba ɗaya. Ni kuma na ce yau ce ranar rigata.

Bayan an tashi ana shan shayi, Anti tana kicin da matan zumunta, ni na tara matasa ina ba su labarin Detroit. Sai na ji an taɓa kafaɗata a hankali. Wani dattijo ne dogo, wankan tarwaɗa, da sanda, ya kai shekara tamanin. Baba Kilifod suke ce masa, ɗan tsohon cocin ne. Ba ni yake kallo ba, tambarin yake kallo.

Ya ce da Turancinsa na mutanen Birmingham, "Ɗana, na ji ka ce ta kakanka ce?"

Na ce, "Ƙwarai, Baba."

Ya jingina sandar, ya ciro walat, ya zaro wani ɗan hoto da ya sha lanƙwasa. Wani baƙin soja ne matashi, tsaye jikin babbar mota, yana dariya. A kafaɗarsa ga tambarin nan, sak.

"Wannan ubana ne," in ji shi. "Ban taɓa ganinsa ba."

A tsaye ya ba ni labarin, ba tare da ya ɗaga murya ba. Uban yana cikin baƙaƙen sojojin Amurka da aka kawo Ingila, masu tuƙa motocin kaya, don a wancan zamanin rundunar baƙi daban, ta farare daban. Uwarsa Baturiya ce 'yar nan garin. Sun so su yi aure, manyan soja suka hana, aka kwashe rundunar, shi ke nan. Shi kuma a gidan marayu ya fara wayo. Abin da uwar ta bar masa kawai hoton nan, da sunan Walta, da cewa kafin yaƙi a masana'antar motoci yake aiki. Ya rubuta wasiƙu Amurka har ya gaji. Aka ce masa gobara ta taɓa cinye takardun sojoji masu yawa.

Ka ga nan, mai hankali zai ce, Baba ka yafe ni, wasa nake yi. Ƙofa ce a buɗe, har da iska tana shigowa. Amma matasan nan suna tsaye suna kallona, ni kuma girman kai ya riƙe mini wuya.

Ya ce, "Kakanka ma direba ne?"

Na gyaɗa kai.

"Ya taɓa ambatar wani Walta? Dogo, mai wushirya?"

Wallahi har yau in na tuna abin da na ce sai in ji kamar ƙasa ta tsage. Na ce, "Kamar na taɓa jin sunan."

Dattijon nan ya nemi kujera ya zauna. Hawaye suka zubo, bai ma share ba. Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana tambaya: akwai wanda ya rage a gida da zai tuna? Akwai wasiƙu? Ko sunan mahaifin Walta kawai, ko sunan unguwarsu, ya ishe shi. Ya ce likita ya gaya masa zuciyarsa ta gaji, shi kuwa ba ya son ya tafi bai san sunan gidansu ba. Ni gumi kawai nake yi, a cikin sanyin Nuwamba.

Daidai nan Anti Saratu ta fito da faranti cike da cincin. Wani ya ce ai ga 'yar mai rigar ma. Baba Kilifod ya yunƙura ya miƙe, ya ce mata, "'Yata, ashe babanki da babana tare suka yi soja."

Anti ta dube shi, ta dubi rigar, ta dube ni. Ta ajiye farantin a hankali, ta ce da Hausa, "Wane baban nawa?"

Na ce, "Anti, zan yi miki bayani a gida."

"A nan ka yi ta, a nan za ka kwance ta. Da Turanci. Ka ɗaga murya."

Na faɗa. Shagon, da sanyin, da cittar, duka. Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Ya daɗe yana ƙoƙarin mayar da hoton cikin walat, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin taya shi. Na tuɓe rigar na miƙa masa, na ce ya riƙe. Ya girgiza kai, ya ce, "A'a. Ita ma tana da mai ita, wataƙila wani na can yana nemansa." Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ranar na gane cewa ƙarya ba a kan mai yinta kaɗai take faɗuwa ba. Kai kana ganin ado ka yi, ashe ka taka wa wani gyambo. Tun daga nan in labari ya fara yi mini daɗi a baki, sai in fara duba waye ke sauraro.

A tashar bas, ina rawar ɗari da 'yar shat, rigar a hammata, na ce bari in lallaɓa. "Anti, ai na ba shi haƙuri."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Shi shekara tamanin yana neman uba da hoto guda bai samu ba. Kai kana da kakan da kowa ya san kabarinsa, ka je ka musanya shi da gwanjo."