Kamun Saye da Kamun Sayarwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da motar surukina ta maƙale a lungun Mandawari ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da mutanen unguwa.

A lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, motocin garin nan kuwa da yatsu ake ƙirga su. Ni ɗan tsumma ne a kasuwar Kurmi, ina saye da sayar da saƙi. Ilimina bai wuce izu biyar ba, amma baki akwai shi. Sau ɗaya tak na taɓa hawa mota, a kan buhunan gyaɗa, tun daga ranar na zama malamin mota a majalisarmu.

Surukina, Malam Sule mai fata, ya samu buɗi, ga ciwon gwiwa ya hana shi hawan doki. Sai ya ji wani Kwara, cikin Larabawan nan 'yan kasuwa na Fagge, zai sayar da tsohuwar motarsa. Ya aika aka kira ni. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na durƙusa a zaure.

Ya ce, "An ce ka san mota."

Na ce, "To, Baba, ɗan abin da ba a rasa ba." (Da na tsaya nan da na tsira. Sai da na ƙara da cewa daga jin kukanta nake gane lafiyarta.)

Ya ce, "Sharaɗina ɗaya ne. In za ta shiga lungun nan ta sauke ni a ƙofar gida, ta ci kuɗinta. In ba za ta shiga ba, ko kyauta ba na so. Je ka auno."

Yanzu dole in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa ko matata ba. Kamuna, wato awon da nake yi daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, iri biyu ne. In ina sayen saƙi daga masaƙa, nakan miƙe yatsu zar, in ja gwiwar hannu baya kaɗan. In ina sayarwa kuwa, sai in ɗan lanƙwashe yatsun cikin ƙyallen, ina jan mai saye da hira. Na shekara goma ina haka har hannun ya daina neman izinina.

Na isa Fagge. Mota baƙa ce, ba rufi, ta ɗan sha jiki. Kwara ya sa kafinta ya ƙara mata katako a gefe da gefe don ɗora buhu, ya shafe shi da koren fenti, kuma saboda katakon nan ya ɗaga kuɗinta. Na zagaye ta, na daki taya da ƙafa, na leƙa bakinta kamar mai duba haƙoran jaki. Direban, wani tsohon soja mai suna Garba, yana kallona yana tauna goro.

Ya ce, "Malam, ka ga shekarunta?"

Na yi kamar ban ji ba. Na auna faɗinta: kamu huɗu cif. Saye na zo yi, to kun san kamun da hannuna ya yi. Na dawo Mandawari na auna lungu inda ya fi matsewa, tsakanin katangar liman da ta gidan marina. A raina ina so lungun ya yi yawa, in kai labari mai daɗi. Kamu huɗu da rabi.

Na ce wa surukina, "Baba, za ta shiga har da sauran wurin akuya. Katakon nan ma shi kaɗai ya isa kuɗin. Duk garin nan ba mai irinsa."

Aka saya.

Ranar da za a kawo ta, bayan la'asar, unguwa ta fito. Mata suna leƙe ta kan katanga. Surukina ya sha rawani da riga mai aska, ya hakimce a baya tun daga Ƙofar Nassarawa. Ni ina gaba a ƙasa, ina kore mutane da hannu, ina ce wa Garba, "Taho, taho, na auna."

Garba ya tsaya a bakin lungu, ya dubi katanga, ya dube ni. Ya ce, "Ka auna?"

"Da hannuna."

Ya ce, "To, bismillahi."

Ƙarar da na ji ba ta mota ba ce, ta katako ce yana cin jar ƙasa. Mota ta tsaya cak, ba gaba ba baya. Yaɓen katangar liman ya zubo a cinyar surukina. Ƙofofi suka ƙi buɗuwa. Sai da mutum uku suka ɗago dattijon nan mai ciwon gwiwa ta baya, kamar buhu, rawani ya warware.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kakkaɓe riga, ya ce, "Sake aunawa mu gani."

Na auna bayan mota, huɗu. Na juya na auna lungu, huɗu da rabi. Na ɗago kai har da ɗan ƙwarin gwiwa, na ce, "Kun gani? Sai dai in katangar ce ta kumbura."

Sai wata tsohuwa mai ƙosai, Gwaggo Hassu, wadda ta shekara tana sayen zane a wurina, ta matso. Ta ce, "Ɗan nan, sake na lungun, a hankali." Na soma. Ta damƙe hannuna a jikin katanga, yatsuna a lanƙwashe, kowa yana gani.

Ta ce, "Motar ya yi mata kamun saye, lungun ya yi masa kamun sayarwa. Ni na san wannan hannun. Ina ta cewa ƙiba na yi, ashe zanen ne bai cika ba."

Ba wanda ya yi dariya da farko, saboda surukina. Liman ne ya fara, shi da aka rushe wa katanga. Wani masaƙi daga baya ya ce shi kuma yanzu ya gane inda saƙinsa yake tafiya.

Aka kira kafinta ya sa zarto ya yanke katakon da na ce shi kaɗai ya isa kuɗin. Mota ta wuce sumul har ƙofar gida. Ashe tun asali daidai lungun take.

Kwana uku ban je kasuwa ba. A na huɗu aka kawo mini saƙo daga surukina, ba magana ko ɗaya: sanda ce da aka yanko daga katakon nan, koren fentinta na nan, tsawonta kamu ɗaya cif.

Da ita nake awo har yau, saye da sayarwa, ina kuma neman gafarar waɗanda na rage wa zane. Abin da na koya shi ne, hannun da ka koya wa cutar mutane ba ya tambayar ko surukinka ne. Ga mai son sayen mota kuwa, ya nemi wanda ya san mota, kuma ya dubi yatsunsa.