Baban Batiri Ya Kai Auta Neman Aiki

Duk unguwar nan babu uba mai tausayi irin Baban Batiri. Wasu iyayen sai yaro ya kwanta zazzaɓi suke taɓa goshinsa. Shi kuwa kullum safiya, kafin ya amsa gaisuwar kowa, sai ya shiga gareji ya ɗora tafin hannu a jikin motarsa mai aiki da lantarki, ya ji ko ta kwana lafiya. Da can Baban Auta ake ce masa. Da ya sauka daga kujerar mataimakin darakta ya juye kuɗin sallamarsa a motar nan, sai maƙwabta suka lura da ɗan da ya fi shiga ransa, suka gyara masa suna. Ya karɓa hannu bibbiyu, don a ganinsa digiri aka ba shi.

Ilimi kam ba a magana. Ya kalli bidiyo a waya har idonsa ya yi ja, kuma ba shi da rowa, kyauta yake rabawa a bencin ƙofar shagon mai aski.

"Ku mutanen fetur ba za ku gane ba," in ji shi, yana kaɗa makulli. "Batiri rai gare shi. Ba a ɗura masa har wuya, ba a barinsa da yunwa. Kashi tamanin, a zare waya. Wanda ya kai shi ɗari ba direba ba ne, azzalumi ne."

Maganar da ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai ta faɗa hannun wanda bai san iyaka ba. In motar na shan wuta, gidan kowa ya shiga taitayinsa. A kashe firji, a ajiye dutsen guga, wai kada a raba wa baiwar Allah hankali. Fankar ɗakin matarsa ma tuni ta koma gareji tana yi wa mota fifita, matar kuma tana fama da murfin kwali.

Ana haka aka kira 'yarsa Auta ganawar ɗaukar aiki. Yarinyar ta gama karatun jinya tun tuni, ta yi yawon kai takardu har takalminta ya suɗe, sai yanzu wani asibiti a wani gari mai nisa ya ce ta zo da hantsi. Gurbi ɗaya ne tak. Ta shirya ta bi motar haya tun ana gobe, uban ya ce atafau.

"'Yata a motar haya? Masu ganawar su hango ki kin sauko daga motar zamani, ai rabin aikin ya samu."

Matarsa ta kwantar da murya. "Baban yara, hanya da nisa. Don girman Allah yau ɗaya ka cika ta."

"Na taɓa shiga kicin na koya miki zuba gishiri?"

A tamanin ya zare waya, ya goge bakin motar da hankici.

Suka kama hanya da sassafe. Gudu yana tsufar da batiri, saboda haka suka tafi kamar masu rakiyar mara lafiya, manyan motocin siminti suna wuce su suna danna oda. Na'urar sanyi tana shan caji, an kashe. Buɗe gilashi yana sa iska ta danne mota, an rufe. Kafin rana ta ɗaga, rigar da Auta ta goge a gidan maƙwabta ta manne mata a baya. Ita tana duban agogo, shi yana duban lambar caji, kowa da abin da ke cin ransa.

Da saura tafiya mai yawa lambar ta sauko ashirin, ya ratse tashar caji. Ga na'urar gaggawa babu kowa a kanta, wadda kafin mutum ya sha shayi ta gama. Auta ta nuna masa ita.

"Baba, ka taimake ni. In na makara shi ke nan."

"Cajin gaggawa? A yi wa jariri wanka da tafasasshen ruwa? Ke fa ma'aikaciyar jinya ce, ya kamata ki fi kowa tausayi."

Sai da ya bar batirin ya huce tukuna, sannan ya jona shi a na'urar da ta fi kowace sanyin jiki. Ya hango wasu direbobi biyu a inuwa, ya gyara hula ya nufe su da darasi. Bai ma ga lokacin da Auta ta rungumi takardunta ta fita bakin titi tana ɗaga wa motoci hannu ba.

Wata motar kwasar kaji ce ta tausaya mata. Ta isa asibitin rana ta take, masu ganawar sun tashi. Magatakarda ya ce an yi ta kiran sunanta, da aka gaji aka ba wata gurbin. Auta ta zauna a kan dakalin baranda ta yi kuka mai cin rai, irin na wanda bai san ranar da za a sake kiransa ba.

Washegari Baban Batiri ya iso benci fuska fal annuri.

"Jama'a, tafiya ta yi kyau! Zuwa da dawowa, batirin nan ko ɗumi bai yi ba. Na duba lafiyarsa da safe, garau yake kamar ranar da aka ƙera shi."

Mai aski ya tsayar da almakashi. "Madalla, ranka ya daɗe. To Auta fa, an dace da aikin?"

Baban Batiri ya haɗa gira, yana lalube a ransa.

"Wane aiki?"