Rasuwar Madubin da Ya Tsare Mani Ƙafa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ƙafafu biyu cif, ni Jatau na Birnin Tsaba nake sanar da jama'a daga Zurmi har Shinkafi rasuwar abokin zamana, madubin hannun hagu na babur ɗin ɗana Sanda, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da la'asar.

Marigayin ya yi ƙuruciyarsa a kan hanya, yana kabu-kabu tsakanin Kaura da Shinkafi. Ya dawo hannuna ne shekarar da aka raba mu da Sakkwato, wadda ni ma a cikinta malamar asibiti a Kaura ta raba ni da shayi mai zaƙi. Ta ce ciwon sukari ne. Ta ce in rage tuwo, in sha ƙwayata kullum, in riƙa tafiya, kada in sake taka ƙasa ba takalmi. Ta ce kuma kowace rana in duba tafin ƙafata, don wanga ciwo yana kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙaya bai sani ba sai wurin ya ruɓe. Ni da ban taɓa zama aji ba, sau ɗaya ta faɗa na haddace. Sai dai tumbina na wancan lokaci ya shiga tsakanina da ƙafata, rabona da ganin tafinta tun ina saurayi. Na dawo gida na kwance wa Sanda madubi.

Marigayin mai gaskiya ne, mai riƙon sirri. Ya ga kaushina, bai taɓa kai labari majalisa ba. Maganarsa ɗaya ce, in na murɗa masa wuya ya ce "ƙiiƙ". Shi ya nuna mani ƙayar aduwa da na yi yini da ita a dunduniya ina ta raha. Shi ya gano tsagewa tsakanin yatsu kafin ta yi ruwa, na kai asibiti aka wanke. Aminina Mahmuda na Badarawa, mai irin ciwona, ya sha yi mani dariya, wai tsoho da madubi kamar amarya. Yau ƙafarsa ɗaya. Ranar kasuwa yakan biyo ya ara, ya duba wadda ta rage, ni kuwa ban taɓa tuna masa maganar amarya ba fiye da sau ɗaya a zama.

Jinyarsa ta faro ne daga tsagewa a gefe, muka ɗaure shi da roba, bayansa ya fara saɓa, amma bai bar aiki ba. Ranar Talata na jingina shi da bango na tashi alwala. Ragon layya ya leƙa, ya ga wani rago na hararar sa a ciki, ya kai masa karo. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "tas". Wanda ya yi kisan yana ɗaure, hukuncinsa na nan tafe ranar Babbar Sallah, kuma zan ci rabona, tsoka ba kitse.

Ya bar yatsu goma, duk suna raye. Ya bar ƙafar Mahmuda marainiya. Ya bar ɗan uwansa na hannun dama, wanda Sanda ya rantse ba zai bayar ba. Ya bar ni a hannun mai ɗakina Tani, wadda yanzu ke duba mani ƙafa. Idonta ras yake, amma marigayi bai taɓa duba tafin ƙafa ya tambaye ni wa ya shanye furar da ke cikin ƙwarya ba.

Za a binne gilasan yau bayan azahar a rami mai zurfi bayan rumbu, don kada marigayi ya yanki ƙafar da ya tsare. Ana zaman gaisuwa a zaurena. Kada a kawo dabino ko lemon kwalba, a kawo zogale da gyaɗa. Duk mai ciwon sukari da ya cire takalmi a bakin ƙofa, zan duba masa tafin ƙafa kyauta.

Masu zuwa a kan babur mai madubi biyu, wani cikinku ya ji tsoron Allah ya kwance guda da hannunsa ya miƙo sadaka. Ni ba zan taɓa ba. Shari'a ta zo, kuma ban ceci ƙafa don in rasa hannu ba.