Ranar da Aka Nemi Mijin Hajara Aka Rasa

Ko tsufa zai kwashe min tunani kaf, ba zan manta da ranar haihuwarmu ta fari ba. Lokacin ina gyaran babura a Azare, kuma duk layin gareji an san ni da baki (ana cewa ko injin ya ƙi tashi, surutuna zai tashe shi).

Matata Hajara tana gidan iyayenta a Chinade, ta je goyon ciki. Wata Talata da hantsi sai ga saƙo wai kwana biyu tana naƙuda shiru, an sako ta a akori-kura zuwa asibitin Azare. Na yar da sifana na ruga, hannu da riga duk baƙin mai.

Ina shiga na hango surukaina jere a baranda, Malam mahaifinta a tsakiya yana jan carbi. To kun san yadda abin yake a wurinmu. Ɗan fari ba naka ba ne a gaban mutane, balle a gaban surukai. Ko cikin ma yi kake kamar ba ka gan shi ba. Sai na laɓe bayan wata bishiyar maina.

Can wata Sista, 'yar kudancin Bauchi, ta fito da takarda a hannu. Ta ce ɗan ya zo a gicciye, jini yana zuba, sai an yi aiki yanzu, kuma likita ba zai taɓa ta ba sai miji ya sa hannu. Ta tambaya ina mijin. Ta hango rabin kaina a bayan bishiya, ta ce ko ni ne.

Jama'a, ni da bakina na ce, "A'a Sista, ni bakanike ne. Motar da ta kawo su na zo dubawa."

(Motar ta koma Chinade tun ɗazu.)

Ta juya wurin Malam, ta ce to Baba, in 'yarka ce kai ka sa. Abin da ba ta sani ba, Hajara ita ce 'yar farinsa, ga shi Bafulatani. Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai yarinyar a unguwarsu take.

Sista ta dube shi, ta dube ni. A hankali ta ce, "Wato matar nan ba miji, ba uba. To ku ci gaba da kunyar, in ta mutu sai ku tantance wa za a yi wa gaisuwa."

Ina so in fito, idon Malam ya riƙe ni, alhali ko kallona ba ya yi. Sai aka turo gadon Hajara za a wuce da ita. Yarinyar da aka ce kwana biyu ko tari ba ta yi ba, ta buɗe ido ta kira ni. Da sunana na yanka, wanda tun aurenmu bai taɓa fita daga bakinta ba.

Ban san sanda na baro bishiyar ba. Na ɗaga hannu kamar ɗan firamare, na ce da muryar da na tabbata an ji ta har Misau, "Ni ne mijin! Wallahi ni na yi cikin!"

Carbin Malam ya tsaya. Surukata ta ja mayafi ta rufe har hanci. Wata gwaggo ta ce a'uzubillahi. Sista ta miƙo takardar ta ce ba wanda ya yi musu. Na dangwala yatsa, ko tawada ba a nema ba, baƙin mai ya wadatar.

Awa biyu muka yi a barandar nan, ni a wannan ƙarshe, Malam a wancan, kowa yana nazarin takalminsa. Da aka fito aka ce mace ce, uwa da 'ya suna lafiya, sai na zame na zauna a ƙasa ina kuka. Malam ya miƙe zai tafi salla, ya bi ta gabana, bai dube ni ba, ya ce, "Ai mun ji. Allah ya raya."

Wata uku ban taka Chinade da ido a sama ba. Yanzu in matashi ya zo min da zancen matarsa ta kusa haihuwa, abu ɗaya nake gaya masa: in an nemi miji a asibiti, fito da wuri ka ce ni ne. Daga nan ka rufe bakinka, ba wanda ya nemi ƙarin bayani.