Yadda Za Ka Kushe Sabon Agogo Har A Kira Ka Masani

Kai da kake so a riƙa yin tsit idan ka buɗe baki a taron masoya agogo, matso kusa. Ba sai ka mallaki agogo mai tsada ba, ba sai ka taɓa riƙe shi ba ma. Bi matakan nan, in wata ya ƙare ba a fara ce maka masani ba, ka zo ka kwance na hannuna.

An gwada hanyar a kan wani mai kemis da abokansa ke kira Daƙiƙa, saboda ko gaisawa kuke sai ya saci kallon tsintsiyar hannunsa. Duk Asabar da yamma sukan taru a bayan shagon mai gyaran agogo, su sha shayi, su yi gardama. Burinsa ɗaya a duniya: a ce maganarsa ce ta ƙarshe a wurin.

1. Ka ƙi shi tun kafin ka gan shi

Wani babban kamfani ya fitar da sabon agogon wasanni. Fuskarsa mai kusurwa huɗu ce maimakon zagayen da aka saba, madaurinsa roba ce koriya shar, tsada kuwa ba a magana. Kada ka jira ya iso kanti, hoton waya ya isa. Daƙiƙa ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya ja dogon tsaki, ya ce, "Wannan ai mitar wuta ce aka sa wa igiya." Aka kwashe da dariya har wani ɗan taron da ake kira Lauya ya ƙware da shayi. Riƙe wannan: a irin taron nan yabo aikin ɗan koyo ne.

2. Ka yi kewar na da

Ka ce tsohon samfurin ya fi, ko da shi ma ka zage shi lokacin da ya fito. Babu mai tunawa. Ka girgiza kai kamar wanda ya dawo daga ta'aziyya, ka ce kamfanin ya lalace tun da tsoffin ma'aikatansa suka tafi. Ba ka san ko ɗayansu ba, don haka ka faɗa da murya ƙasa-ƙasa.

3. Ka gano aibin da ido ba ya gani

Girma da launi kowa ya gani, ba gwaninta ba ce. Daƙiƙa ya ari madubin nan da mai gyara ke maƙalawa a ido, ya duƙa a kan waya, ya ɗago ya ce tagar kwanan wata ta karkace. Shugaban taron ya karɓa ya duba, bai ga komai ba, ya ce lallai ta karkace.

4. Ka kai aikin gida

Masani ba ya hutu. Daƙiƙa ya kushe agogon nan a gaban mai neman maganin tari, ya kushe shi a mota, ya kushe shi a kan abinci har matarsa ta ce, "Don Allah Malam, ka bari loma ta wuce mana." 'Yarsa ta fari injiniya ce a wani gari, yana kiranta Uwata. Ita ma ba ta tsira ba. Ya tura mata hoton agogon ta gaba, ta baya, ta gefe. In ta kira gaishe shi, kafin ta gama tambayar lafiya ya ce, "Uwata, kin ga madaurin kuwa?"

5. Ka yanke hukunci a gaban shaidu

Miƙe tsaye, ajiye kofi. Daƙiƙa ya ce, "Duk wanda ya ɗaura wannan abin a kore shi daga taron nan, ko da ni ne." Aka tafa. Daga ranar Shugaba ya ce a daina kiransa Daƙiƙa, a ce Masani. Ya koma gida baki har kunne.

6. In aka ba ka shi kyauta

A nan ake gane na ƙwarai. Ranar da ya cika shekara sittin Uwata ta zo gida da ɗan akwati. Ta ce, "Baba, ni da ƙannena muka haɗa. Tun da ya fito ba ka da zance sai shi, mun kuma san ba za ka taɓa saya wa kanka ba. Ban manta agogonka da ka sayar lokacin karatuna ba."

Maganar mitar wuta ta zo masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta. Ita da kanta ta ɗaura masa. Abin haushin, agogon ya zauna a hannun cif, ga shi sakayau. Daɗi da kunya suka rufe shi lokaci guda, ya shiga sa musu albarka.

Shawarar ƙwararru: riga mai dogon hannu, a ɓalla maɓalli.

7. Ka musanta shi

Asabar ta zo. Masani ya zauna yana gumi, hannun hagu a ƙarƙashin tebur. Da yake motarsa na wurin makanike, Uwata ce ta zo ɗaukarsa. Ta shigo daidai lokacin da Lauya ke maimaita zancen mitar wuta ana dariya. Ta gaishe su da ladabi, ta juya ta ce, "Baba, ka nuna musu? Me suka ce?"

Ƙa'ida a nan mai sauƙi ce. Ka yi 'yar dariya, ka ce yara ne, ba su san agogo ba. Sarautarka ta tsira.

Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya dubi fuskarta. Ta ji abin da Lauya ya ce, murmushinta ya fara dusashewa. Ya ɓalle maɓallin, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya ɗora hannun a tsakiyar kofuna.

"Ga mitar wutar," in ji shi. "Uwata ce ta ɗaura min. Shugaba, na san doka, ni na kafa ta."

Wurin ya yi tsit, irin tsit ɗin da ya daɗe yana nema. Can Shugaba ya jawo kujera ya ce, "Ashe a hannu ya fi hoto kyau. Ɗan kwance mu gwada mana."

"Ba na kwancewa. Ku kalla daga nan."

Ba su kore shi ba, don kowa yana so ya ƙara gani. Amma sun karɓe sarautar, ya koma Daƙiƙa.

A kula: mai wannan rubutu ba ruwansa da duk wanda ya bi matakan nan ya faɗi a na bakwai, musamman in yana da 'ya'yan da ke sauraron abin da yake faɗa. Kada kuma a zo neman agogon hannuna, alkawarin ya cika tun a mataki na biyar. Wanda ke da ƙorafi ya je kemis ya sami Daƙiƙa. Ba shi da wuyar ganewa, shi ne mai hannun riga ɗaya a naɗe, ko ana ruwa.