Agogon Zafin da Na Haɗa da Hannuna

Ni na haɗa wa tsohuwar motar marigayi Baba sabon agogon zafin inji. Na ce 'yan wayoyin nan ba sai an kira bakanike ba.

Ranar da na ɗauko yayata zuwa Naraguta, allurar agogon ta kwanta a kan sanyi, ko motsi babu.

"Kai, ba ka jin ƙauri?" in ji ta.

Na ƙwanƙwasa agogon. "Sanyin Jos ne, Yaya. Agogo ba ya ƙarya."

A titin Bauchi hayaƙi ya turnuƙe mu. Na buɗe gaban mota, ga wayar da ban ɗaura wa inji ba tana lilo. Injin da Baba ya lallaɓa shekara da shekaru ya buga a hannuna.

Har yau in shayi ya ƙona min baki, sai Yaya ta ce, "Sha abinka, sanyin Jos ne."